Farar ƙasa ko fenti: wanne ya dace da bangon jan bulo?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini. Gidan da muke ciki da jan bulo aka gina shi, irin gasasshen nan, kuma tun asali ba a yi masa filasta ta waje ba. Shekara uku ke nan na sa aka shafa wa bangon baya fentin mai, don na ga ruwan sama yana dukansa sosai, na ce bari in toshe. Shekarar farko lafiya lau. Daminar bara sai fentin ya fara kumbura kamar ƙunar wuta, daga ƙasa har kusan ƙugun mutum. Jiya na sa yatsa na fasa ɗaya, ruwa ya fito, a bayan ruwan ga wani farin gari, bulon kansa kuma ya yi laushi yana marmashewa a hannu. Bangon gaba da ban taɓa shafa wa komai ba garau yake. Wani ya ce in kankare in shafa farar ƙasa, wani ya ce in sayi fentin waje mai kyau. Abin yana damuna ƙwarai, domin ɗakin yara ne a bayan bangon, kuma ya fara warin danshi.

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka shaƙe bangonka ne. Jan bulo yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi in rana ta fito. Haka yake rayuwa. Da ka lulluɓe shi da fentin mai, ruwan bai daina shiga ba, ta ƙasa yake hawowa, ta tsaga yake kutsawa, amma ƙofar fita ka rufe masa. Bangon gabanka shi ne shaida. Farar ƙasa za ka shafa, amma ba yau ba, ba gobe ba. Sai bangon ya bushe.

Usman Mai Fenti: Baba, da girmamawa, ban yarda a ɗora wa fenti laifi gaba ɗaya ba. Laifin wanda ya zaɓi fentin mai ne, wannan na ƙofa ne da taga da ƙarfe. Akwai fentin da aka yi musamman don bangon waje, na ruwa ne, yana barin tururin danshi ya fita daidai gwargwado, yana kuma kore ruwan sama. Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, gidajen da na yi wa shi da yawa suna nan ba su ɓamɓare ba. Ita farar ƙasa fa? Ka jingina da bango rigarka ta yi fari, damina biyu ta wanke ta, ka sake kiran ma'aikaci. Wa ke da wannan lokacin?

Baba Magini: Usman, gidajen da ka yi wa, na bulon siminti ne da filasta ko na jan bulo tsirara?

Usman Mai Fenti: Yawanci na siminti ne da filasta, gaskiya.

Baba Magini: To ka gani. Ba ciwo ɗaya ba ne, ba za a ba su magani ɗaya ba. Kuma farar ƙasar da ke bin riga, ba a yi ta daidai ba ne. Zan dawo kan wannan.

Injiniya Hauwa: Bari in sa baki, domin na ga ana kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya, kuma a nan ake yawan yin asara. Abin da Baba yake nufi da farar ƙasa shi ne wadda aka samo daga dutsen da aka gasa. Ana ƙona dutsen a zafin da ya kai kusan digiri 900, iskar kabon dayoksaid ta fice daga cikinsa, ya zama ɗanyar farar ƙasa mai ƙuna. In aka zuba mata ruwa sai ta yi zafi har ta tafasa, ta koma kamar kullu. Wannan kullun ake tsinkawa da ruwa a shafa. Bayan an shafa, a hankali tana janyo iskar kabon ɗin daga sarari, tana komawa dutsen da ta fito daga gare shi. Wato ba manne take yi a kan bango kamar leda ba, shiga ƙofofin bulon take ta daskare a ciki. Shi ya sa ba ta kumbura, ba ta ɓamɓarewa falle-falle. In ta tsufa sai dai ta siɗe a hankali. Alli kuwa, da garin dutsen da ba a gasa ba, da hodar da ake yin silin da ita, duk fari ne a ido, amma ba ɗayansu da zai yi wannan aikin. In ka dama alli ka shafa, ruwan ya bushe, gari ne kawai ya rage a bango. Da yawa daga cikin masu cewa farar ƙasa tana bin riga, alli aka sayar musu.

Maman Khalifa: Injiniya, to ta yaya mutum zai gane ta gaskiya in ya je saye? Ni duk fari ɗaya nake gani.

Injiniya Hauwa: Hajiya, in ɗanya ce mai dunƙule-dunƙule, ki jefa ɗan guntu a ruwa, za ki ga ya fashe yana huci, kwanon ya yi zafi. In ta buhu ce da aka riga aka kashe ta da ruwa a masana'anta, ba za ta yi zafi ba. Sai ki ɗebi kaɗan ki ɗiga mata ruwan khal. In ta yi ta kumfa sosai, alli ne, ko kuma buhun ya daɗe a buɗe har ya sha iska ya mutu. Sabuwa mai kyau kumfarta kaɗan ce. Kada ki karɓi buhun da ya yage.

Garba Walda: Mu a wurin aikinmu, ragowar kabaid da ke taruwa a ƙasan tukunyar gas, ita muke tacewa mu shafa wa katanga, kuma tana kamawa. Ita ma farar ƙasa ce ko kuwa?

Injiniya Hauwa: Ita ce, Malam Garba. In kabaid ya haɗu da ruwa yana ba da gas ɗin walda, abin da ya rage kuma farar ƙasa ce kasasshiya. Sai dai tana da datti, launinta ya fi karkata ga toka-toka, kuma dole a bar ta a fili ta daɗe har warin gas ya fita sarai, kada a rufe ta a durom. Ga katanga ta isa. Ga bangon ɗakin kwana na fi son mai tsabta.

Abban Sadiya: Na gode. Amma farin garin da na gani a bayan fentin fa? Ban taɓa shafa farar ƙasa a wurin ba.

Baba Magini: Gishiri ne. Ruwan da ke hawowa daga ƙasa yana ɗauke da shi, in ruwan ya bushe sai ya bar shi. A bangon da ba a rufe ba, a fuska yake fitowa, ka sa tsintsiya ka share. A bangon da aka rufe, a cikin bulon yake taruwa, yana girma yana tura fuskar bulon har ta ɓalle. Shi ne marmashin da ka ji a hannunka. Kada ka wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. A bushe ake goge shi, da burushi mai tauri, a kwashe abin da ya zubo a kai nesa da gindin bangon.

Kafin mu yi maganar shafe, amsa mini waɗannan. Ruwan rufi ina yake zuba? Akwai indararo a bayan, ko a gindin bangon yake sauka? Ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu? Akwai famfo ko bututun banɗaki a jikin bangon? An dasa fulawa a jikinsa ana ba ta ruwa?

Abban Sadiya: Baba, kamar kana wurin. Babu indararo a baya, ruwan kwano a gindin bangon yake zuba. Kuma da aka yi aikin rijiya an zuba ƙasar da aka haƙo a nan, ta hau bangon kamar taki ɗaya da rabi.

Baba Magini: Ga ciwon nan. Kwashe ƙasar nan tukuna, har ta koma ƙasa da daɓen ɗakin da aƙalla taki guda, a yi mata gangare ruwa ya riƙa gudu waje. Sa indararo. In ba ka yi waɗannan biyun ba, ko me ka shafa, kuɗinka ka zubar.

Usman Mai Fenti: A nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya. Ni ma ba na taɓa jiƙaƙƙen bango. Akwai gwajin da nake yi kafin in karɓi aiki: in yanko leda kamar faɗin taki biyu, in manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, in bar ta kwana ɗaya. In na dawo na ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, sai in ce wa mai gida a jira. Na taɓa rasa aiki saboda haka, mai gidan ya kira wani ya yi masa a ranar. Bayan wata biyar ya neme ni in zo in kankare. Sabuwar filasta ma haka, ba na shafa mata fenti sai ta yi aƙalla kwana 28, domin simintin yana da kaifi, yana cin fenti ya ɓata launi. Sannan a fara da fentin share fage mai jure wannan kaifin, a bi da shafi biyu. Mutane suna tsallake na farkon don rage kuɗi, sai su ce fentin ne ba shi da kyau.

Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya. Katangar bulon siminti da aka yi wa filasta mai santsi, busasshiya, fenti ya fi mata. Farar ƙasa ba ta kama santsi sosai.

Baba Magini: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Farar ƙasa tana son bango mai ƙishirwa. Gwajinta sauƙi ne da shi: watsa wa bangon ruwa da hannu. In ya tsotse nan take ya yi duhu, za ta kama. In ruwan ya gangaro kamar a kan tangaran, kada ka wahalar da kanka. A kan tsohon fenti kuwa ba ta zama ko kaɗan.

Abban Sadiya: Ke nan dole in cire fentin man duka. Wani ya ce a kawo injin gurza a yi shi a yini ɗaya.

Injiniya Hauwa: Don Allah kada ka bari a sa wa jan bulo injin gurza, ko a feshe shi da yashi. Bulo yana da fata, wato fuskar da ta fi shan wuta a wurin gashi, ita ce mafi tauri. In aka gurje ta, cikin mai laushi ya bayyana, daga nan zai riƙa shan ruwa fiye da da. A yi amfani da makankari na hannu a inda fentin ya riga ya saki, sauran kuma a shafa masa maganin cire fenti, a jira ya yi laushi a kwashe. Aiki ne mai cin rai, amma bulon zai tsira. Ga wanda gidansa tsoho ne sosai kuma, a kula: tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, har Amurka ta hana sa irinsu a gidaje a 1978. Ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Kada a gurza shi a bushe, kada a ƙona shi, a kuma kawar da yara daga wurin.

Wani abu kuma. Inda kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zube, mai gyara zai so ya cike da siminti mai ƙarfi. A hana shi. Kwaɓi ya kamata ya fi bulo laushi, don danshi ya bi ta cikinsa ya fita, in wani abu zai lalace ya zama shi ne, tunda sauya shi ba wuya. In kwaɓin ya fi bulon tauri, bulon ne zai ci wuya. A haɗa da farar ƙasa da yashi, kashi ɗaya da kashi uku. Simintin da muka sani a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila; kafin nan shekaru dubbai da farar ƙasa ake gini, kuma da yawa daga cikin gine-ginen suna tsaye.

Maman Khalifa: Ni abin da zan ƙara shi ne a ji tsoron ido. Ƙanena yana shafa wa saman bango, ya ɗaga kai, ɗigo ɗaya ya faɗa masa a ido. Na ga babban mutum yana birgima a ƙasa. Allah ya sa akwai bokitin ruwa mai tsabta kusa, muka riƙe fatar idon a buɗe muna ta kwarara masa, ya fi minti ashirin, sannan muka kai shi asibiti. Likita ya ce wankin nan da aka yi da wuri ne ya ceci idon. Sati biyu yana fama. Tun daga ranar ba na barin kowa ya taɓa ta a gidana sai da tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba.

Injiniya Hauwa: Allah ya ƙara kiyayewa. Kaifinta a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami da kaifin abu da shi, ya haura 12, shi ya sa take cin fata da ido. Wannan kaifin dai shi ne ke hana fumfuna da gansakuka zama a bango muddin tana sabuwa. In za a kashe ɗanya, a zuba ta cikin ruwa kaɗan-kaɗan, a durom na ƙarfe ba na roba ba, a fili, mutum ya ja baya.

Baba Magini: To ga yadda ake shafawa, Abban Sadiya ka adana wannan.

In ta buhu ka samu, ka jiƙa ta a durom ta zama kullu, ruwa ya rufe kanta, ka rufe bakin. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, amma duk daɗewarta a jiƙe ƙara kyau take yi. Mu da muka koya a hannun manya, wata uku muke barinta, in ka ɗebo ta sai ka ji ta sulɓi kamar man shafawa. Ranar aiki ka ɗebi kashi ɗaya ka tsinka da ruwa kashi biyu zuwa uku, ka tace da rariya. Kaurinta kada ya wuce na madara. Nan ne kowa ke kuskure: yana shafawa ya ga bulo yana leƙowa, sai ya ce ta yi ruwa, ya ƙara kauri. A'a. Tana jiƙe ba ta nuna kanta, sai ta fara bushewa farin ke fitowa. Mai kauri tsagewa take yi kamar ƙasan tafki a rani, ta zube.

Ka jiƙa bangon kafin ka fara, ya sha amma kada ya riƙa ɗiga. Babban burushi mai gashi za ka sa, ba rola ba, kana cusa ta cikin ramuka, hannu na tafiya ko'ina, sama da ƙasa da gefe. Kana yi kana motsa bokitin, don tana kwanciya. Kada ka tsaya a tsakiyar bango, kai ƙarshen kusurwa, in ba haka ba tabon inda ka tsaya zai fito. Shafi ɗaya a rana. Gobe ka sake yayyafa ruwa ka ƙara. Shafi huɗu ko biyar a bangon waje da bai taɓa sha ba.

Babban maƙiyinta shi ne saurin bushewa. Tana buƙatar danshi kafin ta koma dutse. In rana ta buge ta ko busasshiyar iska ta kaɗa ta, ruwan zai tafi kafin ta kama, ta zama gari. Wannan ita ce mai bin riga da Usman yake faɗa. Ka bi inuwa: bangon gabas da yamma, bangon yamma da safe. In iska ta yi yawa ka rataya jiƙaƙƙun buhuna a gabansa, kada su taɓa shi, ka riƙa fesa ruwa sama-sama kwana biyu ko uku. Ruwan sama mai ƙarfi ma kada ya same ta a kwanakin farko.

Usman Mai Fenti: Baba, ka lissafa da kyau: kwana biyar ana shafi, ga jiƙo, ga rataya buhu. Ni kwana biyu na gama. Kuma mai son shuɗi mai duhu ko kore shar fa?

Baba Magini: Mai son wannan ya zo wurinka. Farar ƙasa launin ƙasa take karɓa: ja, rawaya, ruwan ƙasa, baƙi-baƙi, irin hodar da ake zuba wa siminti. Da yawa daga sauran launuka kaifinta yana cinye su. Kuma hodar kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma, in ta yi yawa shafin ba ya ƙarfi. A dama ta da ruwan ɗumi daban kafin a zuba. Launin da ka gani a bokiti ba shi za ka gani a bango ba, yana yin haske sosai in ya bushe, saboda haka a gwada a ɗan lungu a jira kwana biyu. A kuma haɗa wadda za ta isa bangon duka a lokaci ɗaya, don ba za ka sake dacewa da launin ba.

Maganar kwanaki kuwa, haka ne, ta fi cin lokaci a karon farko. Amma ranar sabuntawa fa? Share ƙura, yayyafa ruwa, shafi ɗaya ko biyu, shi ke nan. Kai kuwa sai ka kankare.

Garba Walda: Na ji ana zuba gishiri ko kitse a ciki don ta daɗe. Gaskiya ne?

Baba Magini: Ana yi. Kitse ana jefa shi ne lokacin da ɗanyar ke tafasa, ya narke ya gauraye, sai shafin ya riƙa kore ruwa. Amma yana rage numfashin bango, kuma shafi na gaba ba ya kama shi da kyau, don haka ni a shafin ƙarshe kawai nake yarda da shi, a bangon da ruwa ke duka. Gishiri kuwa, bangon Abban Sadiya da gishiri yake ciwo, kada a ƙara masa ko ƙwaya.

Injiniya Hauwa: Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, ga mai hali. Fentin silikat, wanda Adolf Wilhelm Keim ya yi wa rajista a Jamus a 1878. Shi ma ba leda yake yi ba, haɗewa yake da jikin bulo ko filasta, danshi yana fita ta cikinsa kusan kamar farar ƙasa, ga shi ba ya bin hannu, yana kuma daɗewa ƙwarai. Sharaɗinsa ɗaya da nata: bango tsirara, ba tsohon fenti. A rufe gilashin taga kafin a shafa, don in ya ɗiga ya bushe ba ya fita. Ga masu ganin farar ƙasa ta marasa hali ce kuma: fadar shugaban Amurka da ita aka fara shafe ta a 1798, don kare dutsen ginin, sai a 1818 aka koma fenti.

Abban Sadiya: Na dawo da bayani. Mun kwashe ƙasar ranar Asabar, bulon da ke ƙarƙashinta baƙi ƙirin yake don jiƙa. An sa indararo. Na yi gwajin ledar Malam Usman a wurare biyu: a ƙasa kusa da gindi, da safe ledar cike take da raɓa, a sama daidai kafaɗa, a bushe. Na watsa ruwa a inda muka kankare, ya tsotse kafin in sauke hannu. Na sayi buhu biyu na farar ƙasa, na gwada da ruwan khal, kumfar kaɗan ce, na jiƙa su a durom. Yanzu in fara shafa saman da ya bushe, ko in jira duka?

Usman Mai Fenti: Jira duka, yallaɓai, in ba haka ba launin zai rabu biyu. Maganin cire fentin kuma a wanke ragowarsa sosai daga inda aka shafa, kada ya hana ta kamawa. Katangar gidanka ta siminti ce ko? In ka tashi yi mata, fentin waje za ka sa, shafin share fage ɗaya, na sama biyu.

Baba Magini: Ka bar shi ya sha iska rani guda. Duk sati biyu ka goge gishirin da ya fito, a bushe. Ka buɗe tagar ɗakin yaran kullum, ka janye gado da kabad daga jikin bangon. Bulon da ya marmashe fiye da rabin yatsa a cire shi a sa wani, da kwaɓin da Injiniya ta faɗa. Ranar da ka manna leda a gindin bangon ta kwana ba raɓa, gishiri kuma ya daina fitowa, ka ɗauko hoto ka sa mana a nan kafin ka tsinka kullun. Ka leƙa durom ɗin lokaci-lokaci, in ruwan kai ya ja ka ƙara, kada saman ya bushe.